Taraktar Abu Nasir

Sai da na yi sati uku a Riyad kafin na san cewa ni direba ne. Mutumin da ya yi mana hanya daga Kano ya rantse mini gareji za a kai ni, aikin inji, abin da na tashi a cikinsa tun ina wanke wa maigidana sifana a Kura. Ranar da iƙamata ta fito, wato katin zama, wani ɗan ɗakinmu ya karanta mini abin da aka rubuta a kai: direban gida. Na ce kuskure aka yi. 'Yan ɗakin suka tuntsure da dariya har da mai riƙe ciki. Ashe a cikinsu akwai telan da ke wankin mota, akwai malamin makarantar da ke dakon bulo, kuma kowa ya taɓa cewa kuskure aka yi.

Mu tara ne a ɗakin nan na unguwar Manfuha, da na'urar sanyaya ɗaki guda mai ɗigar ruwa a kan wanda ya zo ƙarshe. Ni ne na zo ƙarshe. Ban daɗe ba kafil ɗina, mutumin da sunansa ke kan takarduna, ya aiko aka ɗauke ni zuwa gidansa a unguwar Nasim. Aka ba ni wani ɗan ɗaki a bakin ƙofa, in na miƙe ƙafa sai na taɓa bango.

Shekara biyu ina kai mata kasuwa, ina kai jikoki makaranta, ina jira a cikin mota har gumi ya jiƙa kujera. Kowa a gidan Muhammad yake ce mini, har da yaran da na isa in haife su. Sunana Sabi'u, amma babu wanda ya tambaya. Abin da ya fi cin raina shi ne hannuna. Kantar da na yi shekara goma sha biyar ina tarawa ta baje, tafina ya yi laushi kamar na mai sayar da turare, ni kaina ina jin kunyar kallonsa.

Maigidan, Abu Nasir, tsoho ne mai ƙarancin magana, ya daɗe da barin aiki. Shi ke tuƙa kansa har idonsa ya fara rauni. Wata Asabar da safe ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce in kai shi istiraha. Haka suke kiran lambun shaƙatawa a wajen gari, nasa yana kan hanyar Kharj. Katanga ce doguwa, a ciki akwai dabino da ciyawar dabbobi da 'yan kwamin ganye. Can gefe kuma, ƙarƙashin rumfar kwano, na ga abin da ya tsayar da ni: ƙananan taraktoci guda bakwai a jere. Ba irin manyan da gwamnati ke kawo mana ba ne. 'Yan mitsi-mitsi ne na aikin lambu, mutum ɗaya ke hawa, tsayinsu bai kai ƙirjina ba, kuma kowace ta girme ni.

Tsohon ya naɗe hannun riga ya nufi wata koriya. Ba su da makulli, igiya ake naɗawa a ja. Ya ja, ya ja, ya sake ja, har numfashinsa ya fara sama-sama. Ni kuwa tun ja na biyu kunnena ya gaya mini mai ne ba ya sauka. Na daure, na daure, na kasa.

"Baba, a ba ni in gwada," na ce da gurguwar Larabcina.

Ya kalle ni kamar mota ce ta yi magana, sannan ya matsa. Na kwance kafireta, na hure hancin man da baki, na tofar da fetur, na mayar. Ja biyu ta kama. Ya daɗe yana kallon injin, ya juyo ya kalli hannuna da ya yi baƙi.

"Mene ne sunanka?"

Ranar a tire ɗaya muka ci shinkafa da shi, a ƙasa, ƙarƙashin dabino. Ba zan ɓoye ba, sai da na juya baya na share ido.

Daga nan duk Asabar muna can. Da farko ba mu jitu ba. Ni gyaran Kura na iya: abu ya yi aiki kawai, ko da waya za a ɗaure shi. In inji ya gaji a tuge shi a ɗora na famfon ban-ruwa, a wuce wurin. Ranar da na kwance wani tsohon noti da tsatsa ta ci na yi wurgi da shi, tsohon nan ya daka mini tsawar da ban san yana da ita ba. Ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo yana tonon yashi har ya samo shi. Ya jiƙa shi a gas, ya goge da burushi, ya miƙo mini ya ce in mayar inda na ciro. A wurinsa duk abin da tarakta ta zo da shi daga inda aka ƙera ta, da shi za ta zauna. A raina na ce masu kuɗi dai ba sa rasa haukan da za su yi. Mutum yana da motoci huɗu sababbi fil, ya zo yana bin noti a ƙasa. Kafin shekara ta zagayo ni ma na kamu, har na fi shi tsanani.

Ta bakwai ɗin ja ce, ko kuma a da ja ce. Tana can ƙarshen rumfa, tayoyinta sun nutse a yashi, kaji sun mayar da kujerarta wurin ƙwai. Injinta ya kafe, ko motsi ba ya yi. Abu Nasir ya ce daga wani manomi ya karɓo ta, kuma makanikai uku sun duba sun ce a haƙura. Ni kuwa ita na fi kallo, domin da garmarta ta zo, ga kuma faɗinta daidai da tsakanin kwaminmu na gida. Tun rasuwar mahaifinmu, yayana Lawan ke riƙe da lambunmu na albasa da tumatir, da fartanya da ƙarfin ƙirji. Babbar tarakta ba ta shiga wurin, in ma an samu haya sai lokaci ya wuce. Kullum na yi waya sai na ji yana nishi in zai zauna, bayansa ya fara ba shi wahala.

Wata rana tsohon ya kama ni ina auna ta da taku. Na gaya masa dalili. Sai ya dafa murfin injin.

"Ya Sabi'u, in ka tayar da wannan, taka ce. Ka kai ta ƙasarku ta yi noma."

Na ce ya maimaita, don kada Larabcina ya yaudare ni. Ya maimaita, ya ƙara da wallahi. Daga ni sai shi a wurin, sai kajin.

Kwana arba'in ina zuba gas a ramin fulogi, duk zuwa in ɗora itace in bubbuga a hankali. Ranar da fistan ya motsa, ɗan motsin da bai kai faɗin farce ba, na yi kabbara har mai ban-ruwan lambun ya rugo a guje. Bayan nan sai yawon neman kaya. Duk ranar da na samu sarari ina cikin unguwar makanikai da wuraren tsofaffin ƙarafa, da ɗan guntun ƙarfe a aljihu ina nuna wa mutane, ana kora ta da hannu kamar ƙuda. Wani Bapakistane mai injin sassaƙa ƙarfe ne ya karɓi wani zobe da ya cinye, ya juya shi, ya tambaye ni na mene ne. Da na nuna masa hoton, sai ya ce mahaifinsa ya taɓa riƙe irinta. Ya yanka mini sabo, ya ƙi karɓar komai, ya haɗa mini da shayi. Launinta na asali kuwa a ƙarƙashin tankin mai na samo shi, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba. Sau biyar mai fenti yana haɗawa ina cewa bai yi ba.

Duk Juma'a bayan an sauko nakan haɗu da abokina Habu a unguwar Dira mu sha shayi. Mutumin Damagaram ne, a wani filin tsofaffin ƙarafa yake aiki, shekararsa goma sha ɗaya a ƙasar. Tsakanin Bakano da Badamagare kuwa ba a gaisuwa sai da tsiya. Da na ba shi labari, bai taya ni murna ba.

"Kai Bakano, ina takarda?"

"Takardar me? Mutumin ya ce wallahi."

"Nan ƙasar ko akuya aka ba ka, ka ce a rubuta. Tahi ka ce ya sa hannu, ko ya hwaɗi a waya ka ɗauka."

Na ce ba zan iya ba. Dattijon da ya ci abinci da ni, ya yi mini kyauta da bakinsa, in koma in ce ya rubuta? A garinmu wannan ai cewa ka yi ba ka yarda da shi ba. Habu ya ce to in kwance ta gunduwa-gunduwa in riƙa aikawa ta kago, wato jirgin kaya, tun tsohon yana da ƙafa, Lawan ya tara, in na je hutu in haɗa.

"Kuma don Allah ka bar hentin nan. Albasa ba ta san ja ba. Abu in ya yi kyau a nan, ido yake ja."

Na ce masa Badamagare bai san aiki ba, shi ya sa aka ba shi gadin bola. Muka yi dariya muka rabu.

Wata goma sha tara na ɗauka. Ranar da ta tashi, Abu Nasir da kansa ya hau. Ya saki garma a wani fili kusa da katanga, ƙasa ta riƙa kifewa a bayansa, rawanin kansa ya faɗi bai ko waiwaya ba, yana dariya da sauran haƙoransa. Na ɗauki bidiyo na tura gida. Yaya Lawan ya kira ni, ya ce ya kalla ya fi sau ashirin, 'yan unguwa sun cika zauren. Kafin wata guda ya kafa mata rumfa a bakin lambu. Ya ce bana har filin gabas za su shuka, wanda aka bari shekara shida saboda rashin hannu.

A lokacin ya kamata in tura ta. Tsohon da kansa ya tambaye ni sau biyu yaushe za a ɗauka. Na ce saura gilashin fitila guda, ina nema. Gaskiya ne ina nema, amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashi. Abokansa sun fara zuwa kallo duk Asabar, shi kuma sai ya kamo hannuna ya ce, "Wannan ne ya tayar da ita." Bayan shekaru ana kirana da sunan da ba nawa ba, daɗin wannan ya shiga kaina. Wata huɗu na ɓata a kan gilashin da ko a gona ba a buƙatarsa.

Wata rana da hantsi ciwo ya kayar da Abu Nasir, yana alwalar walaha. Ni na kai shi asibiti. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Babban ɗansa Nasir ya karɓi ragamar komai, har da takarduna. Ba mugu ba ne, mutum ne mai sauri wanda kullum waya ke kunnensa, kuma bai taɓa ƙaunar istirahar nan ba. Cikin wata biyu ya sa ta a kasuwa.

Na same shi a ƙofar gida na yi masa bayani, na nuna masa hotuna tun tana cikin yashi. Ya saurare ni har ƙarshe.

"Akwai takarda?"

"Babu. Amma Baba ya ce wallahi."

"Babana ya yi wa rabin Riyad kyauta da baki. In na bi wannan, ko tabarma ba za ta rage ba. Khalas, magana ta ƙare, ya Muhammad."

Na roƙi a bar ni in shiga wurin tsohon. Yana kan kujera mai taya, an rufa masa bargo. Na durƙusa na nuna masa hotonta, na ce, "Baba, ka gaya musu." Ya kalli hoton, ya kalle ni, leɓensa ya yi ta rawa, yawu ya gangaro. Na sa gefen bargon na goge masa, na fito. Ban taɓa jin ɗaci irin na ranar ba, kuma ban san wa zan ji haushi ba.

Habu bai ce ai na gaya maka ba, Allah ya saka masa. Shi ne ma ya zo da dabara. Nasir ya samu wani mai gidajen shan gahawa da zai kwashi taraktocin, amma da sharaɗi: wadda ta tashi a gabansa kawai zai ɗauka. Wadda ta ƙi, a haɗa ta da tarkacen rumfar a ba masu tsofaffin ƙarafa. Filin su Habu ne kuwa aka kira su kwashe tarkacen.

"Ka sa ta ƙi tashi, shi ke nan. In ta shigo hilinmu ni na san yadda za ni yi da maigidana. Sati biyu tana cikin kwantena."

Na ce wannan ba ha'inci ba ne? Ya ce mutum ba ya satar kayansa. Na juya maganar kwana biyu, na ga gaskiyarsa. Da safiyar ranar na yanki ɗan guntun robar silifas na cusa a cikin hular fulogi, na mayar da hular. Daga waje babu abin da za a gani, amma wuta ba za ta wuce ba.

Mai sayen ya zo bayan la'asar, saurayi ne mai ƙamshi, tare da wani injiniyansa mai fararen hannuwa. Habu yana gefe da motar kwasar ƙarafa, ya yi kamar bai san ni ba. Na tayar da guda shida ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan ja, idon saurayin ya yi haske, ya zagaya ta sau biyu yana ɗaukar hoto. Na naɗa igiya na ja, shiru. Na sake, shiru. Sau takwas ina ja, ina haki na gaske. Injiniyan ya karɓa ya ja nasa, ya leƙa tanki, ya goge hannu da hankici. Saurayin ya ɗaga kafaɗa ya ce a bar ta. Na hango Habu ya fara sauke sarƙa daga mota. An gama, ta zama tawa, abin da ya rage kawai in rufe bakina.

Sai injiniyan ya ƙwanƙwasa murfin da makullin motarsa ya ce wa Nasir, "Aikin Takaruni ke nan. Fenti a waje, ciki ruɓaɓɓe."

Takaruni suke ce mana, mu baƙaƙen Afirka ta Yamma, na saba ji, da a nan ya tsaya da na haɗiye. Amma Nasir ya yi dariya ya ce, "Kusan shekara biyu direban nan yana wasa da hankalin babana, wai shi makanike ne. Tsoho ya yi ta gaya wa mutane ta tashi."

Wallahi ban san lokacin da na taka ba. Na ji Habu ya ce da Hausa, a hankali, "Sabi'u, kar ka yi. Sabi'u!" Na ji shi sarai. Na cire hular fulogin, na zaro robar na jefar a gaban injiniyan, na mayar, na naɗa igiya. Ja ɗaya. Ta kama da wannan muryar tata mai nauyi, ba tari, ba hayaƙi, ƙasa tana ɗan rawa a ƙarƙashinta. Na tsaya ina kallon idonsu ɗaya bayan ɗaya. Daɗin bai kai minti guda ba.

Saurayin ya tafa hannu ya ce masha Allah, wannan ce ma zai sa a ƙofar sabon reshensa. Babu wanda ya tambayi robar da ke ƙasa, babu wanda ya ba ni haƙuri. Ni aka sa na hau da ita kan motar ɗaukar kaya, domin ba wanda ya san giyarta. Kafin su tashi injiniyan ya ce in nuna masa inda ake tsiyaye mai da baƙin mai, tunda ba za ta sake tafiya ba, tukwanen fure za a jera mata a kan garma. Na nuna masa. Habu ya loda tarkacensa, sai da zai ja mota ya leƙo ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Bakano." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana tara ina ganin kiran Yaya Lawan ina ƙin ɗauka. A na goma ina zaune a mota a ƙofar makarantar yara, na ɗauka. Muka gaisa, ya tambayi jikin tsohon, ya ba ni labarin gida. Sannan ya ce kowa ya gama gyaran kwami, iri ya isa dashe, su kaɗai suka rage. Filin gabas ma sun share shi sun bar shi haka, ba su sa masa fartanya ba, suna jira.

"Yaya, ku sa fartanya," na ce.

Ina jin kukan injin ban-ruwan maƙwabta a bayansa.

"Ba za ta zo ba ke nan?"

"Ba za ta zo ba."

"To. Allah ya sa haka ya fi alheri." Ya ja numfashi, na ji nishin nan nasa na zama. "Lalacewa ta sake yi ne?"

"A'a, Yaya. Lafiyarta ƙalau. Ja ɗaya take tashi."